Ta yaya mutum zai gane Allah ne ke kiransa, ba zuciyarsa ba?

Malamin_Lissafi:
Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu kawai, ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya fi ƙarfina. Shekarata 31, ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a kudancin Kaduna, ina da mata da 'ya ɗaya, kuma ni ne babba a gidanmu tun da mahaifinmu ya rasu. Shekara biyu da suka wuce, a makon mishan na ikilisiyarmu, wani mai bishara ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Maguzawa. Ya ce shi kaɗai ke zagaya ƙauyuka huɗu a kan keke, akwai inda sai bayan sati uku masu bi ke ganin mai buɗe musu Littafi. Tun daga ranar ban sami sukuni ba. Ina cikin aji ina rubutu a allo, sai hankalina ya tafi can. Na gaya wa fastonmu, ya ce in ci gaba da addu'a. Na gaya wa matata, ta yi shiru kwana biyu sannan ta ce, "To mu ci me?" Mahaifiyata kuwa cewa ta yi ba ta sayar da awakinta ta kai ni makaranta don in koma ƙauye ba. Ban yi mafarki ba, ban ji wata murya ba. To wannan kira ne, ko tausayi ne kawai ya kama ni? Waɗanda suka bi ta wannan hanya, don Allah ku taimaka mini.

Rahila_K:
Ɗan'uwa, me kake jira kuma? Da Ubangiji ya ce wa zan aika, Ishaya bai tsaya lissafi ba, cewa ya yi ga ni, ka aike ni. Wanda ya kira ka shi zai ciyar da kai. Tashi ka tafi!

Baba_Mai_Ritaya:
Rahila 'yata, himmarki ta yi kyau, amma ki karanta Ishaya sura 6 har ƙarshe. Kafin ya ce "ga ni" sai da ya ga ƙazantar bakinsa, aka taɓa shi da garwashi. Bayan ya amsa kuma aka gaya masa mutanen da za a aike shi wurinsu za su ji amma ba za su fahimta ba. Wannan ɓangaren ba a cika yin wa'azi a kai ba a makon mishan.

Malam, ɗana, na yi shekara 34 ina kiwon ikilisiya, takwas daga ciki a ƙauyen da babu mota sai ranar kasuwa. Ni ma ban ji murya ba. Abin da na koya shi ne kira daban, aike daban. Shawulu, wato manzo Bulus, ya gamu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, kira ya tabbata tun ranar. Amma shekaru suka shuɗe, har ya koma garinsu Tarsus ya zauna, sai da Barnaba ya je ya nemo shi suka yi shekara guda suna koyarwa a Antakiya. Sai a Ayyukan Manzanni sura 13 ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa su biyun, kuma ga ikilisiya ya faɗa, suna cikin sujada da azumi. Su suka ɗora musu hannu suka sallame su. Saboda haka tambayata gare ka ita ce: yanzu me kake yi a majami'arku? Kana koyar da makarantar Lahadi? Kana fita wa'azi da 'yan ƙungiyar Sabon Rai? In mutanen da suka san halinka suka ji labarin nan, za su ce "dama mun gani", ko za su yi mamaki?

Gaskiya_Ɗaci:
Bari in faɗi abin da kowa ke gudu. Rabin masu cewa an kira su yau, rashin aikin yi ne ya kira su. Yaro ya gama makaranta, ya yi shekara uku yana yawo da takardu, sai ka ji wai Ubangiji ya yi masa magana. Kuma abin mamaki, duk cikin gari ake kiransu, ba ka taɓa jin an kira mutum daga Abuja zuwa bayan dutse ba.

Rahila_K:
Gaskiya_Ɗaci, ka karanta abin da bawan Allah ya rubuta kuwa? Mutumin nan yana da aikinsa da albashinsa, ƙauye yake son tafiya.

Gaskiya_Ɗaci:
Na karanta, ba da shi nake ba. Shi ma dai ya binciki zuciyarsa, ko gajiya da aikin koyarwa ce. Wanda albashi ke makale masa wata da watanni, komai ma zai iya yi masa kama da kira.

'Yar_Gidan_Fasto:
Ni ta ɓangaren matarka zan yi magana, domin ba wanda ya taɓo ta. Babana mai bishara ne, a filin mishan aka haife ni. Kafin in gama firamare mun tashi sau biyar. Akwai shekarar da aka yi wata bakwai ba a aiko masa ko sisi ba, baikon Lahadi kuwa ƙwai biyu da ɗan kwanon dawa. Mamata ce ta riƙe gidan da ƙosai da noman gyaɗa. In an zo taro, babana ake kira gaba a yi masa addu'a, ita tana bayan gida tana tuƙa wa baƙi tuwo. Ƙanena ya rasu da zazzaɓi a kan hanyar asibiti, a bayan keke. Ban ce kada ka tafi ba, babana har ya koma ga Ubangiji bai taɓa yin da-na-sani ba, kuma majami'u uku da ya fara a ƙarƙashin itace suna nan. Amma "mu ci me" da matarka ta ce ba rashin bangaskiya ba ne. Ita ce za ta ɗauki rabin kayan nan a ka. In kiran na gidanku ne, Allah bai manta hanyar zuciyarta ba. Kada ka ja ta da ayoyi.

Mama_Talatu:
'Yar_Gidan_Fasto, kin sa ni hawaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya sāka wa iyayenmu mata.

Mai_Son_Tarihi:
In da waɗanda suka kawo mana bishara sun tsaya tambayar abin da za su ci, da ba mu nan. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake dawowa a 1900 ciwo ya sake kora shi, a karo na uku ne ya kafa tasha a Patigi a 1902. Daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta tsiro, daga cikinta kuma ɗarikar ECWA ta fito a 1954. Ga Karl Kumm da ya sauka a Wase a 1904, ga Likita Miller da ya zauna a Zariya tun 1905 kafin a koma Wusasa, wanda da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Ɗan_Garkida:
Mai_Son_Tarihi, ɗan gyara kaɗan. Bingham ba ya cikin waɗanda suka isa Patigi. Tawaga ya tara ya aiko, su Banfield, shi yana can Kanada yana nemo mutane da kuɗi. Kuma gyaran nan ya shafi tambayar Malam: mutumin da ya fi kowa jin kiran ƙasar nan, jikinsa ya ƙi, sai hidimarsa ta zama ta mai aikawa. Wa zai ce ba a kira shi ba? Mu a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, labarinmu daga gindin tsamiya ya fara a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, da Stover Kulp da Albert Helser. Amma ka tambayi tsofaffi wa ya kai bishara ƙauyukan Bura da Margi da Kibaku, za su ambaci malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da waɗanda suka warke daga kuturta suka koma garuruwansu.

Mai_Son_Tarihi:
Na karɓi gyara, na gode ɗan'uwa. Kuma ka tuna mini, ƙungiyar mishan ta 'yan ƙasa da ake kira EMS yau, tun 1948 aka fara ta, kafin ma ECWA ta sami sunanta. Wato iyayenmu sun fara aika nasu tun suna 'yan kaɗan, da kuɗin dawa da gyaɗa.

Bakanike_Sabo:
Ni duk wannan magana ta kira tana ɗaure mini kai. Shekara 19 ina gyaran mota. Yara sun fi ashirin da suka koyi aiki a hannuna, wasu na tsamo su daga shaye-shaye, kullum da safe sai mun yi addu'a kafin mu taɓa sifana. Ban taɓa sa wa mutum tsohon kaya in ce sabo ne ba. To ni ba a kira ni ba ke nan, sai mai farin kwala? Mutumin nan da Yesu ya fitar masa da aljanu a ƙasar Garasinawa ya roƙa a bar shi ya bi jirgi, Yesu ya hana shi, ya ce ya koma gida wurin danginsa ya ba da labari. Markus 5 ne. Malam, yara nawa ke zama a gabanka kowace rana? Ɗari biyu? Wane fasto ne ke samun ɗari biyu Litinin zuwa Juma'a?

Baba_Mai_Ritaya:
Sabo, gaskiyarka. Dukanmu an kira mu, Bitrus ya ce mu ƙungiyar firistoci ne, bai ware bakanike ba. Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Amma kada mu yi amfani da wannan gaskiya mu toshe kunne. In kowa ya ce gareji na ne filina, ƙauyukan nan huɗu za su ci gaba da jiran mai keke ɗaya.

Hannatu_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. A nan masu bi 'yan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba mu da sararin raba wane mai kira ne wane ba shi ba. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, kuma mutane da yawa a ƙasar nan abin da suka fara sani game da Kirista shi ne hannun da ya wanke musu ciwo. Ni unguwarzoma ce. Na so in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ina budurwa, wata tsohuwa a zumuntar mata ta ce mini, "Ke hannunki ne wa'azinki." Na ji haushinta shekara biyu. Yanzu mata na tahowa daga nesa su ce ita mai yin addu'a kafin ta taɓa mutum suke nema.

Lami_J:
Tun da Hannatu ta taɓo, bari in tambaya. Me ya sa in namiji ya ce ya ji kira sai a kai shi makaranta, in mace ce sai a ce ta yi addu'a Allah ya ba ta miji fasto? Ni haka aka ce mini da bakin wani dattijo.

Gaskiya_Ɗaci:
Kin ɗebo ruwan dafa kanki, Lami. Yanzu za a yi kwana uku a kan 1 Timoti sura 2.

Mama_Talatu:
Ba sai an yi kwana uku ba. Naɗi dai kowace ɗarika da tsarinta, ba zan shiga nan ba. Amma ku je ku duba wa ke tara kuɗin masu bishara a yawancin majami'unmu, wa ke zuwa gidan makoki da asibiti, wa ke sayen kekunan nan da baburan. Zumuntar mata ce. Dokas ba a ɗora mata hannu ba, amma da ta mutu gwauraye sun tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka musu. Lami, kada ki jira mijin da dattijo ya zaɓa miki, nemi Mama da ta daɗe a hidima ki manne mata.

Lami_J:
Na ji Mama, amma ni koyarwa nake so, ba tara kuɗi ba. A bar maganar zuwa wani lokaci, kada mu ƙwace wa Malam zaurensa.

Emmanuel_Katolika:
Mu a ɗarikar Katolika ba a yarda mutum ya yi wa kansa shaida. Saurayin da ya ce yana jin kiran zama fada sai ya yi shekara takwas ko fiye a makarantar horo, falsafa da tauhidi, ana kuma tura shi majami'u ana duba halinsa. Da yawa kan fita a hanya, kuma ba abin kunya ba ne, an gane ba nan aka kira su ba. A ƙarshe bishop ne ke cewa zo. Ina ganin daidai yake da abin da Baba ya faɗa game da Antakiya. Sama'ila ma sau uku yana jin murya yana gudu wurin Eli, sai da tsohon ya gane ya gaya masa abin da zai amsa.

Ɗan_Garkida:
Akwai abin da ba a faɗa ba tukuna, wato lafiyar rai. A Oktoban 2014 hedikwatarmu da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram, majami'u da yawa sun ƙone, an tarwatsa mutane. Rabaran Lawan Andimi an ɗauke shi a Michika a Janairun 2020, ba a sake shi da rai ba. Yau kuma ga masu garkuwa da mutane a dazuzzukan Kaduna da Katsina da Zamfara. Ba don in tsorata ka ba, Malam, sai dai ka zauna ka yi lissafi kamar mai son gina hasumiya. Lissafi ai aikinka ne.

Rahila_K:
Ni dai ina jin tsoron duk wannan "yi a hankali" ya kashe wutar da ke zuciyarsa. Yunana ma yana da dalilai masu kyau na ƙin zuwa Nineba.

Malamin_Lissafi:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Baba, ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi shekara biyar ke nan, amma ban taɓa fita wa'azi ƙauye ba ko sau ɗaya, na ji kunya da ka tambaya. Gaskiya_Ɗaci, maganarka ta sosa ni, domin gaskiya ne aikin ya gundure ni wani lokaci. 'Yar_Gidan_Fasto, na ba matata ta karanta naki da kanta. Ba ta ce komai ba, amma ta tambaye ni sunan ƙauyen, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bahaushe_Masihi:
Tun jiya nake kallo, kuna maganarmu kamar ba ma cikin zauren. Ni ɗan irin ƙauyukan nan ne, a ƙasar Kano aka haife ni, kakana ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Da farko dai, mu da muka ba da gaskiya Hausawa Kirista ne, Masihiyawa, ba kowa ke son a ci gaba da kiransa da tsohon sunan nan na Maguzawa ba.

Na biyu, mun ga masu kira iri-iri. Akwai wanda ya zo da wuta, ya yi wata shida yana gyara mana Hausa da waƙoƙi, ya ƙi shan ruwan rijiyarmu, damina na sauka ya tattara ya tafi. Akwai kuma wani tsoho daga Filato da ya zauna shekara goma sha ɗaya, ya yi noma tare da mu, in maƙwabtanmu Musulmi suna suna ko jana'iza yana cikin na farkon zuwa, har mai gari na aiko masa da goro. Shi har yau ana sa wa yara sunansa.

Na uku, kuma nan nake so Malam ya saurara. Masu wa'azi muna da su a cikinmu, ko ba su da takarda. Abin da ya fi cin mu shi ne makaranta. Yaranmu na gama firamare ba su iya karanta Littafin da muke cewa su riƙe ba, 'yan mata a aurar da su da wuri, samari su tafi ci-rani birni. Kana da abin da babu a ƙauyukan nan huɗu gaba ɗaya, kuma shi kake shirin ajiyewa don ka je ka koyo abin da muke da shi. Wa ya gaya maka sai ka jefar da alli kafin a aike ka?

Bakanike_Sabo:
Yauwa! Abin da nake ta faɗa ke nan.

Baba_Mai_Ritaya:
Ba daidai abin da ka faɗa ba ne Sabo, kai cewa ka yi ya zauna inda yake, shi kuwa cewa ya yi ya zo da allinsa. Bahaushe_Masihi, na gode da ka tuna mana. Musa ma abin da aka tambaye shi shi ne, mene ne wannan a hannunka. Sai dai ina da ja kaɗan. Wanda zai zauna a irin wurin nan, ko da sunan malami ya je, ranar da aka yi mutuwa shi za a kalla, ranar da aure ya rikice shi za a kira. Ɗan horo a Kagoro ko Bukuru ko wata makarantar Littafi da ke kusa ba zai zama asara ba. Akwai masu karatun hutu, ba sai ya bar aiki ba.

Gaskiya_Ɗaci:
To wa zai biya shi? Kada a sake maimaita labarin ƙwai biyu da kwanon dawa. In ikilisiyarsu ta yarda kira ne, su rubuta abin da za su riƙa bayarwa duk wata, su sa hannu. Ɗora hannu ba ya da tsada, ɗaukar nauyi ne ke da wuya.

Mama_Talatu:
Yau dai na yarda da Gaskiya_Ɗaci. Kuma kada a manta da tsohuwa. Bulus ya ce wanda bai kula da na gidansa ba ya fi marar bi muni. Malam, ka zauna da ƙannenka a san yadda za a riƙe ta, kada ka bar ta da hawaye ka ce aikin Allah ne. In ka je wurinta kuma ka tafi da dattijon da take jin nauyinsa.

Rahila_K:
Yesu kuma ya ce wanda ya fi son uwa ko uba fiye da shi bai isa zama nasa ba. Wannan ayar fa, Mama?

Mama_Talatu:
Shi ɗin da ya faɗa, yana kan gicciye sai da ya danƙa uwarsa a hannun Yohanna. Je ki duba, 'yata.

Malamin_Lissafi:
Bahaushe_Masihi, maganarka ta hana ni barci jiya. Ban taɓa tunanin abin ta wannan fuska ba, kuma ka yi haƙuri da sunan da na yi amfani da shi. Na kira mai bisharar nan da safe. Ya ce in zo hutun ƙarshen shekara in yi sati biyu, akwai yara wajen 30 da zai tara a rumfar majami'a. Matata ta ce za ta bi ni ta gani da idonta, zuwa da kai ya fi aike. Mahaifiyata ban gaya mata zancen wannan tafiyar ba tukuna. Har yanzu ban san ko kira ne ba.

'Yar_Gidan_Fasto:
Ku tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi, 'yar kuma ku bar ta wurin kakarta a wannan karon. Ka bar matarka ta zauna da matan wurin ita kaɗai, za su gaya mata abin da ba za su gaya maka ba.

Bahaushe_Masihi:
Lokacin sanyi ne sosai a can, ku ɗauki bargo. In an ba ku fura ku sha. Wace hanya za ku bi, ta Zariya ko ta Saminaka? Akwai inda bai kamata yamma ta yi muku ba, turo mini saƙo ta gefe in yi maka kwatance.

Lami_J:
In kun dawo ka ba mu labari. Kuma Baba_Mai_Ritaya, tambayata tana nan, ban janye ba.